Wace manhajar neman lambobin lafiya za a ba wakilin AI? A fara karanta takardunta

Wakilin AI, wato basirar na'ura mai kiran wasu manhajoji da kanta don cika aiki, ba ya leƙa cikin manhajar da aka haɗa shi da ita. Abu uku kawai ake ajiye masa: sunan aikin, 'yan jimlolin da ke faɗin abin da aikin yake yi, da jerin guraben da zai cike. Da waɗannan yake yanke ko zai kira manhajar, me zai tura mata, da yadda zai fahimci abin da ta mayar masa. Ɗan Adam mai rubuta manhaja in ya rikice yakan buɗe wani shafi, ya gwada sau biyu, ya tambayi na kusa da shi. Wakili kuwa, inda bayani ya yi shiru sai ya cusa zato a wurin ya wuce, kuma ya faɗi zaton da irin muryar da yake faɗin gaskiya.

A harkar lambobin lafiya, wato lambobin da ake ba cututtuka, magunguna da gwaje-gwaje a takardun asibiti, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin lambar kuskure ba ta da alama a goshi. E11.9 ciwon sukari ne nau'i na 2 wanda bai haifar da wata matsala ba, E10.9 kuma nau'i na 1. S52.501A karaya ce kusa da wuyan hannun dama, S52.502A na hagu. Ƙwayar lamba ɗaya ta raba su, kuma ga idon wanda bai san aikin ba duk daidai suke. Saboda haka mai zaɓen manhaja ya ɗauki takardun bayaninta a matsayin wani sashe na injin. In sun gurgunce, injin ya gurgunce, ko da bayanan da ke cikinsa ingantattu ne.

Iri ukun da ake samu

Na farko ita ce manhaja mai aiki ɗaya. Gurbi ɗaya gare ta, na rubuta abin da ake nema, bayaninta kuma bai wuce layi ɗaya ba, wani abu kamar "tana nemo lambobin lafiya". Haɗa ta ba ya ɗaukar minti goma, shi ya sa ta fi yawa.

Ta biyu ita ce wadda aka gina tun farko don wakili, galibi bisa MCP, ƙa'idar haɗa wakili da manhajoji da ta fito a watan Nuwamba na 2024, ko bisa fayil na OpenAPI mai bayyana yadda ake kiran manhaja. Ayyukanta a rarrabe suke: wannan na nema da suna, wannan na tantance lamba, wancan na kawo 'ya'yan lamba, wato lambobin da ke ƙarƙashinta, wani na fassara daga tsari zuwa tsari. Kowane aiki da nasa bayanin da nasa guraben.

Ta uku su ne hidimomin da masu riƙe da lambobin ko hukumomi suka buɗe: API (ƙofar da manhaja ke kiran wata manhaja) na ICD, tsarin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, RxNav na magunguna da Clinical Tables na Ɗakin Karatun Likitanci na Ƙasa a Amurka, da sabobin (kwamfutocin da ke amsa kira) kalmomin lafiya masu bin FHIR, ƙa'idar musayar bayanan lafiya. Takardunsu cikakku ne, amma don mutane aka rubuta su. Wakili ba ya karanta shafi talatin kafin ya kira aiki, don haka wanda ya zaɓi wannan hanya shi zai rubuta gajeren bayanin da wakili zai gani, kuma nauyin duk abin da ya manta a kansa yake.

"ICD-10" ba abu ɗaya ba ne

Tambaya ta farko da za a yi wa kowace takarda: wane tsarin lambobi ne takamaimai? In an rubuta "ICD-10" aka tsaya, an bar baya da ƙura. Akwai na Hukumar Lafiya ta Duniya, da aka fara aiki da shi a 1994. Akwai ICD-10-CM na Amurka, wanda ya maye gurbin ICD-9-CM ranar 1 ga Oktoba 2015 kuma yake da lambobi sama da 70,000. Jamus na da ICD-10-GM, Ostireliya na da ICD-10-AM, Kanada na da ICD-10-CA. Sun yi kama ƙwarai a haruffa uku na farko, kuma kamar ce ke yaudara.

A dubi D57.0. A tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya cikakkiyar lamba ce: sikila tare da tashin ciwo. A ICD-10-CM kuwa kan rukuni ce kawai, sai an gangara zuwa D57.00, ko D57.01 in ciwon ya kama ƙirji, ko D57.02 in jini ya taru a saifa, da sauransu. I64, shanyewar jiki da ba a fayyace ko zubar jini ce ko toshewar jijiya ba, tana nan a na Hukumar, babu ita a na Amurka. Haka E14, ciwon sukarin da ba a faɗi nau'insa ba. Lokacin korona Hukumar ta fitar da U07.1 da U07.2, Amurka ta ɗauki ta farkon kaɗai. Wakilin da aka ba manhajar ICD-10-CM ba tare da an gaya masa ba, in aka tambaye shi I64 zai ce lambar ƙarya ce, alhali asibitoci a ƙasashe da yawa da ita suke aiki kullum.

A nan manhajar layi ɗaya kusan kullum takan faɗi. Ta biyun takan ci in ta sa sunan tsarin cikin gurbi mai zaɓi ƙayyadadde, ta yadda wakili ba zai iya rubuta abin da ya ga dama ba. FHIR ta fi kowa tsafta a wannan, don kowane tsari yana da adireshinsa na musamman, kuma na ICD-10 dabam yake da na ICD-10-CM. Ba a tura lamba tsirara, sai da adireshin tsarinta.

ICD-11 wani gida ne dabam. An amince da shi a 2019, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2022. Ciwon sukari nau'i na 2 a can 5A11 ne, hawan jini BA00, zazzaɓin cizon sauro na falsifaram 1F40. Yana kuma barin a ɗaure lambobi da alamar & ko / su zama gungu ɗaya. Takardar da ta ce tana da ICD-11 dole ta faɗi ko tana karɓar irin wannan gungun ko lamba ɗaya-ɗaya kawai take ganewa.

Bugu da kwanan wata: nan gizo ke saƙar

In lokaci bai isa a duba komai ba, wannan za a duba. Lambobi suna mutuwa, suna haihuwa. ICD-10-CM na sauyawa kowace 1 ga Oktoba, a 'yan shekarun nan har da ƙari na 1 ga Afrilu. CPT, lambobin ayyukan likita a Amurka, na sauyawa 1 ga Janairu. LOINC, lambobin gwaje-gwajen asibiti, na fitar da bugu sau biyu a shekara. RxNorm, lambobin magunguna, na fitar da cikakken bugu kowane wata, da ƙari kowane mako. Bugun ƙasa da ƙasa na SNOMED CT, kundin kalmomin asibiti, ya koma wata-wata tun 2022.

Misalin da ya fi tona asirin manhaja shi ne M54.5, ciwon ƙugu. Shekara da shekaru cikakkiyar lamba ce a ICD-10-CM, ana rubuta ta dare da rana. Ranar 1 ga Oktoba 2021 aka raba ta gida uku: M54.50, M54.51, M54.59. Rana ɗaya aka raba R05, tari, zuwa R05.1 da 'yan uwanta. R51, ciwon kai, ta riga su da shekara ɗaya, ta zama R51.0 da R51.9. To ga inda matsalar take: samfurin AI da ke bayan wakili, wato ƙwaƙwalwarsa, ya koyi harshe daga rubuce-rubucen shekaru masu yawa, inda M54.5 ta cika ko'ina. Ita ke bakinsa. In manhajar ba ta fito fili ta ce wannan lambar ta daina aiki daga rana kaza ba, tsohon karatunsa zai bi.

Akwai kuma ɓangare na biyu da ake yawan mantawa. Lambar da ta dace ita ce wadda ke aiki ranar da aka ga majiyyaci, ba ranar da ake tambaya ba. Mai duba takardun watan Agusta na 2021 yana buƙatar a ce masa M54.5 daidai ce. Manhajar da ke riƙe da sabon bugu kaɗai za ta ƙi ta, wakili ya "gyara" abin da bai lalace ba. Don haka a nemi abu uku a takarda: wane bugu ne a ciki, akwai gurbin kwanan wata ko na bugu, kuma me manhajar ke ɗauka in an bar gurbin fanko. Kalmar "sabon bugu" ba amsa ba ce. Amsa ita ce shekara da wata, kuma su dawo cikin kowace amsa da manhajar ta bayar, don a samu abin nunawa in an zo bincike.

API na Hukumar Lafiya ta Duniya yana sa bugu cikin adireshin kira kansa, kamar 2024-01, wanda ya sa da wuya a yi kuskure ba a sani ba. FHIR na da gurbin bugu a ayyukanta, sai dai ƙa'idar ta tanadi gurbin ne kawai. Ko sabar da aka zaɓa tana riƙe da tsofaffin bugu, wannan sai an tambaye ta, kuma tana da shafin da take bayyana abin da ta ƙunsa. A karanta shi kafin a amince. Manhajojin da aka gina don wakili sun kasu biyu a nan: wasu sun yi tanadin kwanan wata da kyau, wasu sun kwafi fayil ɗaya ranar da aka gina su, ba wanda ya sake waiwayarsa. Takarda ce kaɗai za ta nuna wacce ce wacce, in kuwa ta yi gum, a ɗauka ta biyun ce.

Kan rukuni da cikakkiyar lamba

E11 lamba ce ta gaske, amma ba a tura ta a takardar neman biya daga inshora a Amurka, don kan rukuni ce. Fayil ɗin da hukuma ke fitarwa yana da tuta ga kowane layi, 0 ga kan rukuni, 1 ga cikakkiyar lamba. Manhajar kirki takan dawo da wannan tutar, takardarta kuma ta gaya wa wakili abin da zai yi in ya gan ta: ya kira aikin kawo 'ya'yan lambar, ko ya koma ya tambayi mai amfani abin da ya rage. Wannan jimla ta biyun ita ce ake rasawa. Tuta ba tare da umarni ba, sau da yawa wakili ya gan ta ya wuce.

Rauni da guba sun fi wuya. Suna buƙatar harafi na bakwai: A in ana kan magani, D in ana bibiya, S in illa ce ta baya. Karaya na da ƙarin haruffa, kamar K in ƙashi ya ƙi haɗewa. In lambar ba ta kai haruffa shida ba, ana cike giɓin da X, kamar T36.0X1A, guba daga fenisilin bisa kuskure. Wakilin da ba a yi wa bayani ba yakan cire X ɗin yana ganin shara ce, ko ya manna A a duk inda ya ga dama. Takardar ta faɗi ko manhajar na dawo da lambobi masu haruffa bakwai a jere, ko tushe take bayarwa da jerin haruffan da suka halatta.

Sai bayanan gefe, waɗanda a wurin ƙwararrun masu sanya lamba su ne rabin aikin. Excludes1 na nufin kada a haɗa lambobin nan biyu, Excludes2 na nufin wannan ciwon ba ya cikin wancan amma majiyyaci zai iya samun duka biyu. Akwai "fara da lambar kaza" da "ƙara lambar kaza": E11.22, sukari da ya taɓa ƙoda, yana son a ƙara lambar matakin ciwon ƙoda daga N18, mai allurar insulin na dogon lokaci kuma a ƙara masa Z79.4. Abin lura shi ne yawancin waɗannan bayanan a kan rukuni ake rubuta su, 'ya'ya gadonsu suke yi. Manhajar da ta kawo E11.9 ita kaɗai, ba tare da abin da ke rataye a E11 ba, ta kawo rabin labari. Wannan tambaya ce da za a nema kai tsaye a takarda, kuma kaɗan ne ke amsa ta.

Abin da ake shigarwa

Ƙananan abubuwa ne, amma su ke cinye lokaci. Da ɗigo ko babu: mutane na rubuta E11.9, fayilolin neman biya na rubuta E119. Manhaja ta karɓi duka biyu, ko ta faɗi wanda take so, da misali a cikin bayanin gurbin.

Kowace lamba a ayyana ta a matsayin rubutu, kada a ayyana ta a matsayin adadi. Lambobin CPT na sa barci lokacin tiyata suna farawa daga 00100, in aka ɗauke su adadi sifilin gaba ya zube. Lambobin SNOMED CT na iya kai ƙwaya 18, harshen rubuta manhaja na JavaScript kuwa ba ya riƙe adadi daidai in ya wuce ƙwaya 15 zuwa 16, sai ya sauya na ƙarshe ba tare da ya yi ƙara ba.

NDC, lambar kwalin magani a Amurka, ta fi kowa rikici. Ƙwaya 10 ce a sigogi uku, 4-4-2 ko 5-3-2 ko 5-4-1, a takardar biya kuma ana so ta zama 11 a sigar 5-4-2. Sifilin da ake ƙarawa wurinsa ya danganta da sigar asali. In an riga an cire layukan tsakani, ba yadda za a san inda zai shiga daga kallo kawai. Takardar da ta ce "shigar da NDC" ta tsaya, ta bar wakili da caca.

Sunan magani ma haka. RxNorm na Amurka ne, sunan sinadarin a can acetaminophen ne, lamba 161, ba paracetamol ba, albuterol ne ba salbutamol ba. Ko manhajar na gane sunan da sauran duniya ke amfani da shi, a faɗa. Haka harshen nema: in Turanci kaɗai take ji, a rubuta, don wakili ya fassara tambayar kafin ya tura.

Abin da ke dawowa, da ma'anar shiru

Clinical Tables hidima ce mai sauri, kyauta, kuma takardarta ta faɗi gaskiyar halinta: in ba a ƙayyade adadi ba sakamako 7 take bayarwa, amsarta kuma jeri ne marar sunayen gurabe, inda matsayi ke nuna ma'ana, na farko jimillar abin da aka samu, na biyu lambobin, da sauransu. Ga mai rubuta akwatin nema a shafin intanet wannan ya wadatar. In aka miƙa wa wakili haka ɗanye, zai ga bakwai ya ɗauka su ke nan, alhali kalma kamar "karaya" na da dubban lambobi. Laifin ba na hidimar ba ne, na wanda ya lulluɓe ta ne, wato ya haɗa ta da wakili, bai kwaso wannan bayanin ya kai gaban wakili ba. Duk takardar da ake aunawa ta faɗi iyakar sakamako, ta dawo da jimilla, ta faɗi yadda ake neman shafi na gaba, ta kuma faɗi bisa me aka jera su. Wakili na son ɗaukar na farko. In jerin na haruffa ne ba na dacewa ba, na farkon ba shi da wata daraja.

LOINC na nuna dalilin da ya sa gajeren suna bai isa ba. 2345-7 sukarin jini ne da ake aunawa da mg/dL, 14749-6 shi ne dai amma da mmol/L. Tsakaninsu ninki 18 ne: 126 a wancan shi ne 7.0 a wannan. In manhaja ta dawo da kalmar "glucose" kaɗai ga duka biyu, ba abin da zai raba su. Kowace lambar LOINC na da sassa shida, ciki har da abin da ake aunawa, irin awon, da irin abin da aka ɗiba kamar jini ko fitsari, tana kuma da matsayi, ko tana aiki ko an daina so ko an soke ta. A ga waɗannan cikin fasalin amsa.

Sai babban ramin: amsa fanko. Tana iya nufin lambar babu ita, ko an soke ta, ko tana wani tsari, ko an rubuta ta ba daidai ba, ko sabar ta gaji. Hali biyar, kowanne da abin da ya kamata a yi. In duka suka dawo da siga ɗaya, wakili zai zaɓi fassarar da ta fi masa sauƙi, sau da yawa kuma sai ya ba da lamba daga ƙwaƙwalwarsa ba tare da ya ce manhajar ba ta samo komai ba. MCP na da tutar da ke nuna kira ya gaza, FHIR na da fasalin saƙon matsala, kuma aikinta na tantance lamba yana cewa e ko a'a tare da dalili. Takarda mai kyau takan jera kowane hali da rubutun saƙonsa. A kwatanta "ba a samu ba" da "M54.5 ta daina zama cikakkiyar lamba daga 1 ga Oktoba 2021, zaɓi tsakanin M54.50, M54.51 da M54.59". Saƙo na biyun shi kansa takardar bayani ne, kuma ya zo daidai lokacin da ake buƙatarsa. Iyakar kira ma ta shiga nan: RxNav na ƙayyade kira 20 a daƙiƙa daga adireshi ɗaya, wakilin da ke tantance dogon jeri zai iya cin karo da ita, ya kamata ya san jira zai yi.

Fassara daga tsari zuwa tsari

A taƙaice: duk takardar da ta ce tana "mayar da" lamba daga wannan tsari zuwa wancan ba tare da ta ambaci kusanci ba, a yi hattara da ita. Taswirar GEM tsakanin ICD-9-CM da ICD-10-CM na da tutar "kusan daidai", lamba ɗaya na iya faɗawa kan da yawa, kuma an daina sabunta ta bayan bugun 2018. Daga SNOMED CT zuwa ICD-10 wasu dokokin sun danganta da shekaru ko jinsin majiyyaci. Manhaja ta dawo da duk zaɓin da irin dangantakarsu.

Lasisi da sirrin majiyyaci

CPT mallakin Ƙungiyar Likitocin Amurka ne, sai da lasisi. SNOMED CT kyauta ne a ƙasashen da ke mambobi, a wasu wurare akwai sharaɗi. Manhajar da ke raba bayanin CPT ba tare da kalma ɗaya kan lasisi ba, ko ba ta da izini, ko bayanin ba na asali ba ne. Sannan wakili yakan kwafi jimlar likita ɗungurungum ya tura a matsayin abin nema, har da suna da shekaru. Takardar ta faɗi ko ana ajiye tambayoyin, har tsawon wane lokaci, bayanin aikin kuma ya hana tura bayanan majiyyaci a fili. Inda doka ta tsananta, sauke hidimar a kwamfutar gida ya fi, kuma API na ICD na Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da damar haka ta manhajar Docker.

Tsawo ba inganci ba ne

Bayanin kowane aiki yana shiga ƙwaƙwalwar aikin wakili a kowane zagaye. Ayyuka ashirin masu dogayen bayanai masu kama da juna sukan sa ya kira wanda bai dace ba. Huɗu zuwa shida masu iyaka bayyananna sun fi. Bayani mai kyau bai wuce jimla biyar ko shida ba, kamar haka: "Tana tantance lambar ICD-10-CM ta Amurka guda ɗaya. Ba ta neman lamba daga sunan cuta, yi amfani da aikin nema don haka. Ba ta san ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya ko ICD-11 ba. Ba da ranar ganin majiyyaci, in babu za ta ɗauki yau. In amsa ta ce kan rukuni ce, kada ka miƙa ta, kira aikin 'ya'yan lamba." Fiye da rabinsa iyaka ce da hani, kuma wannan rabin ne ya fi aiki.

Gwajin da za a yi kafin a zaɓa

Karatu kaɗai bai isa ba, gani ya kori ji. A shirya tambayoyi 40 waɗanda ƙwararren mai sanya lamba ya riga ya rubuta amsarsu. Goma masu sauƙi, kamar I10 da B54. Goma tarkon bugu, irin su M54.5 da R05, kowacce da rana kafin sauyi da rana bayansa. Goma gurɓataccen shigarwa: babu ɗigo, ƙananan haruffa, harafin O a wurin sifili, NDC marar layi, LOINC mai ƙwayar ƙarshe ta kuskure. Biyar daga wajen hurumin manhajar, kamar 5A11 ga mai ICD-10-CM kaɗai. Biyar masu harshen damo, kamar "karayar hannu" ba dama ba hagu, inda amsar daidai ita ce wakili ya dawo da tambaya.

A maimaita kowacce sau uku aƙalla, don wakili ba ya amsa iri ɗaya kullum. A duba rajistar kira, ba amsar ƙarshe kaɗai ba: wane aiki ya kira, me ya tura, kuma lambar da ya miƙa tana cikin abin da manhajar ta dawo da shi ko daga kansa ta fito. Wannan na ƙarshen a ƙirga shi dabam, ko da lambar ta faɗa daidai. Daga nan a sauya bayanin aikin kaɗai, a bar komai yadda yake, a sake gwaji. In sakamako ya gyaru, matsalar ta takarda ce kuma tana gyaruwa da rana ɗaya. In bai motsa ba, bayanan ciki ne ko fasalin amsa, wannan kuwa sai mai manhajar.

Wacce ga wa

Mai gwada tunani ko mai koyarwa, inda ba takardar majiyyaci ko kuɗi a ciki, manhajar layi ɗaya ta ishe shi, in ya ƙara mata jimla biyu kan tsari da bugu. Kada ta wuce nan.

Mai aikin neman biya ko duba takardun baya yana buƙatar iri na biyu, amma da sharaɗi huɗu da ba a sassautawa: gurbin kwanan wata, tutar cikakkiyar lamba, bayanan gefe har da na gado, da saƙon kuskure mai rarrabe hali. In ɗaya ya ɓace kuma ba a ba da damar gyara bayanin ba, a nemi wata.

Mai haɗa tsare-tsare da yawa, gwaje-gwaje da magunguna da cututtuka a rumbu ɗaya, ko mai aiki a ƙasa fiye da ɗaya, sabar FHIR ta fi masa, da siririn lulluɓin da zai rubuta da hannunsa. Amsar FHIR doguwa ce, tana zuwa da sunaye a harsuna da yawa da siffofin da ba a nema ba, don haka lulluɓin ya tace ta zuwa gurabe shida ko bakwai: tsari, bugu, lamba, cikakken suna, matsayi, uwar lamba, da bayanan gefe. A sa ranar sake gudanar da tambayoyin 40 a kalanda, makon farko na Oktoba da na Afrilu ga ICD-10-CM, makon farko na Janairu ga CPT, kuma duk lokacin da aka sauya samfurin da ke bayan wakilin.